Tambayoyinku: Jinin Al'ada da Haƙƙin Mace a Wurin Aiki

Assalamu alaikum masu karatu. A wannan fitowar na zaɓo wasiƙu uku da suka zo a kan batu ɗaya, biyu daga mata ma'aikata, ɗaya daga wani magidanci mai ɗaukar mata aiki. Kamar yadda muka saba, na ɓoye sunayen marubutan da na wuraren aikinsu.

Tambaya ta farko

Anti, ni malama ce a wata makarantar firamare mai zaman kanta, shekaruna 29, kuma shekara huɗu ke nan ina koyarwa. Tun ina budurwa nake fama da ciwon mara lokacin al'ada. An ce idan na yi aure zai daina, na yi auren bai daina ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. A rana ta farko da ta biyu ba na iya miƙewa tsaye, ina yin amai, ciwon kuma yana sauka har cinyoyina. Duk wata sai na yi fashin aiki kwana ɗaya ko biyu, kuma saƙon da nake aika wa shugaban makaranta shi ne zazzaɓi ya kama ni, domin namiji ne, ba zan iya faɗa masa gaskiya ba. A zangon da ya wuce ya ba ni takardar tuhuma, ya kuma yanke mini kuɗin kwana biyar. Da na faɗa wa mataimakiyarsa abin da ke damuna, sai ta ce ai kowace mace tana yin al'ada, ita ba ta taɓa yin fashi ba. Na ji an ce akwai ƙasashen da ake ba mata hutun al'ada. Shin mu ma muna da wannan doka? Me zan yi don kada in rasa aikina?

Malama R., Zariya

Amsa

Ƙanwata, Allah Ya ba ki lafiya. Zan fara da jikinki kafin in zo kan doka, domin abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne kin shafe shekaru kina ɗauke da ciwon da ya kamata likita ya duba tuntuni.

Gaskiya ne kowace mace mai lafiya tana yin al'ada, amma ba kowace mace ce take yin irin taki ba, kuma nan ne mataimakiyar shugabanku ta yi kuskure, ta auna jikinki da nata. A lokacin al'ada mahaifa tana matsewa don ta fitar da shimfiɗar da ta yi a cikin watan, kuma wani sinadari da ake kira furostagilandin ne yake sa ta wannan matsewa. Macen da sinadarin ya yi wa yawa takan ji ciwo mai tsanani, har da amai da gudawa da ciwon kai. Irin wannan ciwon yakan lafa da magunguna kamar ibufurofen ko mefenamik asid, musamman idan an sha su da zarar an ji alamar farko maimakon a jira sai ciwo ya kankama, kuma a sha bayan an ci abinci. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko asma kada ta sha su sai da izinin likita. Gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul aka ɗora a mara ita ma tana taimakawa ƙwarai.

Sai dai ciwon da yake ƙaruwa shekara bayan shekara, yana kwantar da mace har ta kasa fita, yakan zama alamar wani abu dabam. Akwai ƙarin mahaifa, wanda ya yawaita a tsakanin matan Afirka. Akwai kuma cutar endometiriyosis, inda wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a wajenta, a kan ƙwayayen haihuwa ko hanji ko bangon mara, yana kumbura duk wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana damun kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke cikin shekarun haihuwa, wato kimanin mata miliyan 190, kuma da yawansu sukan yi shekaru kafin a gano ta, saboda kowa yana ce musu su yi haƙuri, haka al'ada take. Maganar da aka faɗa miki cewa aure zai warkar da ke tana cikin maganganun da suke jinkirta mata zuwa asibiti, kuma ina roƙon iyaye su daina faɗa wa 'ya'yansu ita. Ki nemi ganin likitan mata, ga asibitin koyarwa na Shika kusa da ke. Kafin ki je, ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta ranar da jini ya fara da ranar da ya ɗauke, da yawan audugar da kika canja a kowace rana, da maganin da kika sha da yadda ya yi miki. Bayanin wata uku a rubuce ya fi amfani ga likita fiye da “yana yi mini ciwo sosai”. Ina kuma gargaɗinki da babbar murya kada ki yarda wani mai kemis ya fara yi miki allurar kashe ciwo duk wata ko ya ba ki tiramadol, domin ta wannan ƙofa mata masu mutunci da yawa suka faɗa shaye-shaye ba tare da sun nufa ba.

Yanzu ga batun doka. Najeriya ba ta da dokar hutun al'ada. Abin da kika ji game da wasu ƙasashe gaskiya ne. Japan ta sa shi a dokar ƙwadagonta tun 1947. A Indonesiya dokar 2003 ta ce macen da take jin ciwo ba dole ta yi aiki a rana ta farko da ta biyu ba. Koriya ta Kudu tana ba da kwana ɗaya a wata. A nan Afirka, Zambiya ta ba kowace ma'aikaciya kwana ɗaya a wata tun 2015, ba tare da an nemi takardar likita ko wani dalili ba, kuma suna kiran ranar da sunan ranar iyaye mata. Sifaniya ce ta fara yi a Turai a 2023, inda likita yake tabbatar da ciwon, asusun gwamnati kuma ya biya kuɗin kwanakin.

Abin da muke da shi a nan shi ne hutun rashin lafiya. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci damar karɓar albashinsa har na kwana 12 na aiki a shekara idan rashin lafiya ya hana shi zuwa, da sharaɗin likita mai rijista ya ba da takarda. Sai dai ma'anar “ma'aikaci” a wannan doka ta fi karkata ga masu aikin ƙarfi da akawu, ta ware masu aikin gudanarwa da na ƙwararru, don haka a wurinki takardar da aka ba ki lokacin ɗaukar aiki da ƙa'idojin makarantar suna da muhimmanci sosai. Ki ɗauko su ki karanta abin da suka ce game da rashin lafiya da yanke albashi.

Zan faɗa miki wata gaskiya mai ɗaci: kalmar “zazzaɓi” ita ce take cutar da ke. Ki tsaya a matsayin shugabanku, ga malama duk wata tana aiko da saƙon zazzaɓi, ba takardar asibiti, kuma bayan kwana biyu ta dawo garau. Dole ya yi zargin ƙarya. Na san kunya ce, kuma kunya ado ce a wurinmu, amma ba a buƙatar ki zauna gabansa kina bayanin jini. Takardar likita za ta yi miki magana. Ki roƙi likitan ya rubuta cewa kina da lalurar da take iya hana ki aiki kwana ɗaya zuwa biyu a wata kuma kina karɓar magani. Ki haɗa ta da gajeriyar wasiƙa cikin ladabi, ki nemi a riƙa ɗaukar waɗannan kwanaki a matsayin hutun rashin lafiya, ki kuma kawo mafita da kanki, misali wata malama ta riƙe miki aji ke ma ki rama mata, ko ki bar aikin da yara za su yi tun kafin ranar. Ki ajiye kwafin kowace takarda, kuma duk takardar tuhumar da aka ba ki ki amsa ta a rubuce. Idan duk da haka aka ci gaba da yanka ko aka sallame ki, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jiharku da yake sasanta irin wannan, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin sauraron duk wata shari'ar da ta shafi aiki, har da nuna bambanci, kuma tana da reshe a Kaduna.

Ni ina goyon bayan a yi dokar hutun al'ada a ƙasar nan, amma ina so a yi ta da lura. A Japan, duk da daɗewar dokar, binciken gwamnatinsu ya nuna cewa waɗanda suke neman hutun ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, saboda kunyar faɗa wa shugabanni maza da tsoron a ɗauke su ragwaye. Ina kuma tsoron cewa idan aka ɗora wa mai ƙaramar makaranta ko ƙaramin shago biyan kwanakin shi kaɗai, zai daina ɗaukar mata a ɓoye, kamar yadda wasu suke gudun ɗaukar sabuwar amarya don kada ta nemi hutun haihuwa. Shi ya sa tsarin Sifaniya ya fi kwanta mini a rai.

Tambaya ta biyu

Hajiya, barka da aiki. Ina aiki a wani kamfanin ƙulla ruwan leda, mu mata goma sha ɗaya ne da maza kusan ashirin. Muna tsayuwa daga bakwai na safe zuwa biyar na yamma. Banɗaki ɗaya ne ga kowa, ƙofarsa ba ta da sakata, makullin kuma yana hannun mai kula da mu, wanda yake rubuta sunan duk wadda ta karɓa fiye da sau biyu. Saboda haka idan ina al'ada ba na shan ruwa, kuma auduga ɗaya nake sawa tun safe har in koma gida. Watan jiya jini ya ɓata mini zani a gaban mutane, na cire hijabina na ɗaura a ƙugu na fita da ɗankwali kawai, samarin wurin suna dariya, har yau suna yi mini habaici. Ina yawan jin ƙaiƙayi da zafin fitsari. Ba ni da wani aikin, kuma da shi nake ciyar da 'ya'yana uku.

Maman Yara, Kano

Amsa

'Yar uwa, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma hoton mace ta fita titi da hijabi a ƙugu tana sauri kada a gan ta bai bar idona ba. Babu abin kunya a abin da ya same ki. Abin kunyar yana kan kamfanin da yake sayar da ruwa amma ya hana ma'aikatansa wurin tsarki.

Ƙaiƙayi da zafin fitsarin da kike ji suna da alaƙa da wannan yanayi. Ya kamata a canja auduga duk bayan awa huɗu zuwa shida, ko kafin haka idan ta cika, domin danshi da zafi na awa goma suna sa fata ta saɓule, ƙwayoyin cuta kuma su samu wurin zama. Ƙin shan ruwa da riƙe fitsari su ma suna jawo cutar mafitsara, wadda idan aka bar ta tana iya hawa zuwa ƙoda. Ki je asibiti a gwada fitsarinki a ba ki maganin da ya dace, kada ki tsaya kan “maganin sanyi” na masu talla. Idan kuma kin lura auduga tana cika cikin awa ɗaya ko biyu, ko jini yana fita da manyan gudaji, ko yana wuce kwana bakwai, ko kina jin jiri da haki, ki faɗa wa likita a auna yawan jininki. Idan tsadar auduga ce take sa ki taƙaita, ƙunzugun yadi mai tsabta ba laifi ba ne, muddin ana wanke shi da sabulu a shanya shi a rana ya bushe sarai, ba a ƙarƙashin gado ba. Dokar kuɗi ta 2019 ta cire harajin kayan masarufi daga audugar matan da aka yi a cikin gida, amma duk mai zuwa kasuwa ta san farashi bai saurara ba.

A nan doka tana bayanki fili. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa kowace masana'anta ta samar da isassun banɗakuna masu tsabta, kuma inda maza da mata suke aiki tare dole a ware wa kowane jinsi nasa. Ta kuma wajabta ruwan sha da wurin wanke hannu. Akwai jami'an duba masana'antu a ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da aikinsu ke nan. Dariya da habaicin samarin nan kuma cin zarafi ne a wurin aiki, kuma a 2022 Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta haramta tsangwama irin wannan.

Amma na san halin da kike ciki, kuma ba zan tura ki ke kaɗai ki tsaya gaban mai kamfani ba, domin wadda ta yi magana ita kaɗai ita ake fara sallama. Ku goma sha ɗaya ne, kuma ina da yaƙinin kowace cikinku tana ƙunshe da labari irin naki. Ku haɗu ku wakilta biyu ko uku, har da wadda ta fi ku shekaru, su sami mai kamfanin kansa, ba mai kula da ku ba. Ku nemi abubuwa ƙanana da ba zai iya cewa sun fi ƙarfinsa ba: sakata a ƙofa, buta da sabulu, bokiti mai murfi na zubar da auduga, makulli na biyu a hannun ɗaya daga cikinku, da daina rubuta sunan mai shiga banɗaki. Ku tuna masa cewa kamfanin da yake sarrafa abin sha, tsabtar hannun ma'aikatansa tana cikin abin da hukumar NAFDAC take dubawa. Idan ya ƙi, sai ku kai ƙara a rubuce da sa hannunku duka. Kafin nan, ki riƙa ajiye zani na biyu da auduga biyu a jakarki.

Tambaya ta uku

Hajiya, ina da gidan abinci, mata tara suke yi mini aiki. Wani abokina ya ce bai kamata mai haila ta riƙa girki ko zuba wa mutane abinci ba, wai abincin yakan lalace kuma babu albarka. Sannan wasu daga cikinsu sukan ce ba su da lafiya duk wata, ni kuma ba na iya tambaya, amma ina zargin wasu suna fakewa da haka. Ina so in yi adalci ba tare da an cuce ni ba.

Alhaji M., Gusau

Amsa

Alhaji, Allah Ya saka da alheri da ka tambaya maimakon ka yanke hukunci. Maganar abokinka ba ta da tushe a likitanci, ba ta da shi a addini. Jinin al'ada ba ya bi ta hannu ko numfashi ya shiga tukunya, kuma abin da yake lalata abinci shi ne ƙazanta da rashin wanke hannu, daga namiji ne ko daga mace. A addini kuwa, ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Nana A'isha ta miƙo masa 'yar tabarmar salla, ta ce tana haila, ya amsa mata cewa hailarta ba a hannunta take ba. Ta kuma ba da labarin cewa takan sha ruwa tana cikin wannan hali, ta miƙa masa ƙwaryar, ya sa bakinsa a daidai inda ta sa nata. An ɗauke wa mai haila salla da azumi, ba a ɗauke mata girki ko ciniki ko neman halali ba. Cire ta daga madafa zalunci ne, kuma tilasta mata ne ta tona sirrinta duk wata.

Game da zarginka, ba zan ce ba a taɓa samun mai fakewa ba, amma ina roƙonka kada ka nemi hujja daga jikin mace, kada kuma ka sa wata ta duba ta. Ka zaɓi babbar cikinsu, wadda suke jin nauyinta, ka ce duk mai lalurar mata ta faɗa mata, ita kuma ta ce maka “wance tana da uzuri” kawai. Ka ba kowace kwana ɗaya a wata da za ta iya ɗauka ba tare da yanka ba, ko ta musanya da ranar hutunta. Wadda take buƙatar fiye da haka a kai a kai ka taimaka mata ta ga likita, domin mai yiwuwa ciwo ne irin na malamar da ta rubuto daga Zariya. Da yawa ma ba hutu suke buƙata ba, sauƙi suke buƙata: a ɗauke ta daga gaban murhu da tuƙin tuwo a ranar, a ba ta kujera ta zauna ta yanka albasa ko ta karɓi kuɗi.

Akwai abu biyu da maza ba sa lura da su. Na farko, ka hana yaran shagonka tambayar “yau ba a salla ne?” idan sun ga wata ba ta tashi ba lokacin azahar. Na biyu, a watan azumi matan da suke fashin salla sukan yini da yunwa a gaban wuta suna dafa abin buɗa-baki, ga zubar jini ga zafi, don kawai kada a gan su suna ci. Ka ware musu wani lungu mai labule inda za su ci su sha. Ka sa ƙaramin akwati a banɗakinsu, a riƙa ajiye ƙunshin auduga ɗaya ko biyu da sabulu daga kuɗin shago, babbar tasu ta riƙe lissafinsa, ka duba shi tare da lissafin gawayi da man gyaɗa a ƙarshen wata.